Jirgi Ba Ya Tsayawa a Cambus

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Stirling zuwa Alloa, a tsakiyar ƙasar Sikotilan, ba ya tsayawa a Cambus. Ratsa ƙauyen kawai yake yi ya wuce, domin tun 1968 aka rufe tashar wurin, kuma ko da aka sake buɗe layin ga fasinjoji a 2008 ba a tuna da ita ba. Shekara guda cur na yi ina bin wannan hanya safe da yamma, lokacin da nake karatu a Stirling amma nake kwana a Alloa saboda kuɗin haya ya fi sauƙi a can. Abin da ido ke fara kamawa ta taga shi ne tsaunukan Ochil da suka tokare arewa kamar ganuwa, sannan a ƙasansu wasu dogayen ɗakunan ajiya, jere reras, bangayensu sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Da farko na ɗauka gobara ce ta taɓa lasar su. Sai daga baya na gane cewa gangunan wiski ne maƙare a ciki, dubu bisa dubu, kuma kowace shekara kimanin kashi 2 cikin 100 na abin da ke cikin ganga yana sulalewa ta jikin katako ya bi iska. Akwai wata funfuna da ke ƙiba da wannan tururi. Ita ce ke baƙanta bango da itatuwa da allunan hanya. Mutanen ƙasar suna kiran abin da ya bi iskar “rabon mala'iku”, sunan da har yau bakina ke nauyin faɗa. Da na tambayi inda matatar da ke cika waɗannan ganguna take, sai aka ce mini ai babu ita, ta daina aiki tun 1993. Abin da ke cikin ɗakunan daga wasu garuruwa ake kawo shi.

Ya kamata in shaida wa mai karatu tun yanzu cewa ban taɓa kai wiski bakina ba, ba kuwa zan kai ba. Addinina ya raba ni da shi. Wanda yake son jin yadda na Cambus yake a harshe sai ya nemi wani marubucin. Abin da ya ja hankalina daban ne. A wannan ƙauye da jirgi ke wucewa aka taɓa tace barasar da aka gabatar wa al'ummar Birtaniya a matsayin shaida, cikin wata doguwar jayayya a kan tambaya guda: mene ne ya cancanci a kira shi wiski? Ɓangaren Cambus ne ya yi nasara. Iya fahimtata kuwa, a cikin wannan nasara ajalinta yake kwance, ko da yake sai da aka yi shekara 84 kafin ya riske ta.

Sunan Cambus daga Gelik ya fito, tsohon harshen mutanen tsaunukan Sikotilan, ma'anarsa lanƙwasar kogi. A nan ne ƙaramin kogin Devon, bayan ya gama kewaye-kewayensa daga tsaunuka, yake faɗawa cikin babban kogin Forth. Wuri ne da duk mai son kafa masana'anta a farkon ƙarni na 19 zai yi sha'awa: ga ruwa, ga kwal a ƙarƙashin ƙasar gundumar Clackmannan, ga fadamar Forth mai albarkar hatsi, ga tashar jiragen ruwa a Alloa. A 1806 wani mai suna John Moubray ya mayar da wani tsohon gidan niƙa da ke bakin Devon matatar barasa. Ba shi ne na farko a yankin ba. Gabas da Alloa, a Kilbagie da Kennetpans, zuriyar Stein sun daɗe suna tace barasa da yawan gaske, har sukan loda ta a jirgi zuwa Landan, inda ake sake sarrafa ta ta zama jin.

Da tukunya Moubray ya fara, kamar kowa a zamaninsa. Tsohuwar hanyar ita ce a jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, a busar, a niƙa, a dama da ruwan zafi domin zaƙin ya fito, a zuba yisti a bar shi ya tsimu. Abin da aka samu wata giya ce mai rauni. Sai a juye ta a babbar tukunyar jan ƙarfe mai dogon wuya, a hura wuta. Da yake barasa tana riga ruwa tafasa, tururinta ne ke fara hawa wuyan, ya bi ta wani bututu da aka nutsa cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa yana ɗiga. A maimaita a tukunya ta biyu. Bayan kowane zubi sai an kwashe, an wanke, an sake cikawa, an sake jiran tafasa. Aiki ne mai cin lokaci da kwal da ƙarfin hannu. Bugu da ƙari, tukunya ba ta iya tsarkake barasa sarai. Tana barin maiƙo da ƙamshi da warin hayaƙin da aka busar da tsiron, kuma da yake da wuya a sami tukwane biyu masu siffa ɗaya, da wuya a sami matatu biyu da barasarsu ta zama ɗaya. Mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa duk rigimar za ta tsaya.

Wanda ya fara karya wannan tsari maƙwabcin Moubray ne, Robert Stein na Kilbagie, wanda a ƙarshen shekarun 1820 ya ƙirƙiro injin da ke tace barasa ba tsayawa. Bai daɗe yana cin kasuwa ba sai ga Aeneas Coffey a 1830 da wanda ya fi nasa. Labarin Coffey yana da ban dariya. Mutumin Ailan ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jami'in harajin barasa, yana farautar masu dafawa a ɓoye, har ya kai babban sufeto, sannan ya ajiye aikin ya koma sahun waɗanda dā yake karɓar haraji a hannunsu. Injinsa tagwayen hasumiyoyi ne, cikinsu an jera farantai masu huji-huji, hawa bisa hawa. A ta farko giya tana gangarowa daga sama, tururin ruwa yana tasowa daga ƙasa. A kan kowane faranti tururin yana tsame barasar ya haye da ita, ruwa da dusa su zarce ƙasa. A ta biyu kuma ana rairaye tururin, a raba shi da duk abin da ya biyo shi. Muddin ana ɗura giya ta wannan baki, barasa na fita ta wancan, dare da rana. Tukunya takan ba da barasa mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 ko kusa da haka. Hasumiya tana haura 90 har ta doshi 95. Kuma ba ta zaɓen abinci: masara ko alkama, duk wanda ya fi araha, in dai an sa ɗan tsiron sha'ir da zai juya garin ya zama zaƙi. Daga nan aka sami suna biyu, wiskin tsiro na tukunya da wiskin hatsi na hasumiya. Sha'ir ma ai hatsi ne, amma haka sunan ya bi su.

A 1836 aka kafa injin Stein a Cambus, a 1851 kuma Robert Moubray, wanda ya gaji wurin, ya kawo na Coffey. Tsakanin shekarun biyu, a 1846, majalisar Birtaniya ta soke dokokin da suka ɗora haraji mai nauyi a kan hatsin waje, masarar Amurka ta sami ƙofar shigowa. Sabon inji ya haɗu da hatsi mai araha. Cambus ta tashi daga sana'a ta koma masana'anta.

Masu tukunya ba su yi shiru ba. Sun raɗa wa sabuwar barasar suna mai ciwo, suna ce mata bebiya, wai domin ba ta iya faɗin inda ta fito. A ƙarshen shekarun 1870 manyan matatun Dublin guda huɗu har littafi sukutum suka haɗa kai suka buga don su tabbatar cewa abin da hasumiya ke fitarwa bai cancanci sunan wiski ba. Zagi ne na abokin gaba, amma akwai gaskiya a cikinsa, kuma masu hasumiyar da kansu ne suka gaskata shi da aikinsu. Tun 1856 shida daga cikinsu suka zauna suka raba kasuwa a tsakaninsu, kowa da kasonsa, Moubray ya tashi da kimanin kashi ɗaya cikin goma. Ba a raba kasuwa haka sai in hajar ɗaya ce, mai saye bai damu da ta wane gida aka ba shi ba. A 1877 aka zarce yarjejeniya aka shiga auren dindindin: Cambus da Cameronbridge da Carsebridge da Glenochil da Kirkliston da Port Dundas suka narke cikin kamfani guda, Distillers Company Limited, wanda aka fi sani da DCL. Uku daga cikin shidan, wato Cambus da Carsebridge da Glenochil, duk a ƴar ƙaramar gundumar Clackmannan suke, mutum zai iya zagaye su da ƙafa a wuni ɗaya.

To wa ke shan bebiyar barasa? Kusan kowa, ba tare da ya sani ba. A 1860 aka yi dokar da ta ba ƴan kasuwa damar gauraya wiski iri-iri a ɗakin ajiya kafin a biya haraji. Dillalai irin su Andrew Usher na Edinbara, da bayansa gidajen Walker da Dewar da Buchanan, suka gano cewa wiskin tsiro na tsaunuka ya yi wa Baturen Ingila kaifi, amma in an sirka shi da na hatsi sai ya yi laushi, ya yi araha, kuma kwalbar bana ta zo daidai da ta bara. Sa'a ta ƙara taimakonsu, domin a daidai wannan zamani wani ƙwaro ya auka wa gonakin inabin Faransa ya cinye saiwoyinsu, birandin da masu hali ke sha ya yi wuya. Gaurayen wiski ya cike gurbin, ya bi jiragen daular Birtaniya zuwa ko'ina. A cikin kwalbar da aka gauraya, na hatsi ne yakan fi rabi, amma sunan da ke jikinta na dillali ne, ƙamshin da ake yabo kuma na tukunya. Matsayin Cambus a nan kamar na yadin babbar riga ne: a taron biki aikin wuya ake kallo, ana tambayar wane maɗinki ya yi shi, ba mai tambayar masaƙa.

Inda kuɗi ya yi yawa ba a rasa ƴan damfara. A shekarun 1890 wasu ƴan'uwa biyu a Leith, Robert da Walter Pattison, suka cika ƙasa da talla. Ana ba da labarin cewa har aku ɗari biyar suka rarraba wa masu kantuna, bayan an koya musu yabon hajar kamfanin. Tsuntsun da aka kamo daga dazuzzukan Afirka, wanda mu a adabinmu muka naɗa shi waziri, can ɗan talla aka mayar da shi. A Disamban 1898 kamfanin ya karye, ya ja wasu da dama suka faɗi tare da shi, a 1901 kuma aka ɗaure ƴan'uwan biyu. A gaban kotu ne jama'a suka ji cewa barasar hatsi mai arha ake ɗiga wa ɗan na tsiro, a manna mata sunan Glenlivet a sayar da tsada. Daga ranar mai saye ya fara duban kwalba da zargi.

Zargin ya fashe a Landan. A ƙarshen 1905 ƙaramar hukumar Islington ta gurfanar da wasu masu sayar da barasa biyu, bisa dokar abinci da magunguna ta 1875, tana tuhumarsu da ba mai saye abin da ba shi ya nema ba: ya nemi wiski, an miƙa masa abin da mafi yawansa daga hasumiya ya fito. Ƙaramar shari'a ce a gaban majistare, amma kowa ya san su wa ke bayan labule, domin manyan masu hasumiya ne suka tsaya wa waɗanda ake ƙara. Majistare Fordham ya same su da laifi, ya yanke cewa abin da bai bi ta tukunya ba ba wiski ba ne. Aka ɗaukaka ƙara a 1906, alƙalan suka rabu biyu daidai wa daida, hukuncin farko ya zauna. Da an tsaya a nan, da kusan duk kwalbar da Sikotilan ke fitarwa ta rasa sunanta.

A wannan tsaka mai wuya ne DCL, ƙarƙashin manajanta William Ross, ta yi abin da ba ta saba ba. Ta ɗauko bebiya ta ce ta yi magana. Aka zuba wiskin Cambus zalla a kwalba, wanda ya shekara 7 a ganga, ba a sirka shi da komai ba, aka rubuta sunan ƙauyen ɓaro-ɓaro a jiki, aka sayi shafin farko na jaridar Daily Mail a 1906 aka tallata shi. Tallar ba ta ɓoye komai ba. Da bakinta ta ce wannan ba daga tukunya ya fito ba, ta kuma yi alƙawarin cewa ko galan guda ba ya ɗauke da ciwon kai. Alƙawari ne da babu likitan da zai sa masa hannu, amma dabarar ta yi kyau. Abin da abokan gaba ke kira rashin hali, talla ta kira shi tsabta. Maiƙon da masu tukunya ke taƙama da shi, ta nuna shi a matsayin dattin da ke sa mashayi ya tashi da nauyin kai.

A 1908 gwamnati ta kafa hukumar bincike ta sarauta ƙarƙashin Lord James na Hereford. Ta yi zama 37, ta saurari shaidu 116, masu tukunya da masu hasumiya da dillalai da likitoci da masana sinadarai. A Yulin 1909 ta fitar da rahotonta: wiski shi ne barasar da aka tace daga dame na hatsi wanda tsiro ya zaƙaƙa, na Sikotilan kuwa shi ne wanda aka tace a Sikotilan. Ba ta ambaci siffar tukunya a matsayin sharaɗi ba.

Na daɗe ina juya wannan hukunci, kuma ba na jin hukumar ta yi kuskure a kan suna. Kalma ta masu amfani da ita ce. In mutane sun yi shekara hamsin suna neman wiski, ana ba su gauraye, suna komowa, to gaurayen ya zama wiski ko masu tukunya sun so ko sun ƙi. Ɗalibin harshe ya san ba a tsayar da ma'ana da hatimin majistare. Inda nake ganin ta gaza shi ne wajen mai saye, wanda da sunansa aka fara shari'ar tun asali. Hukumar ba ta wajabta a rubuta a jikin kwalba yawan na hatsi da yawan na tsiro ba, ba ta kuma ɗora sharaɗin shekarun da barasa za ta yi a ganga ba. (Wannan na biyun sai da yaƙi ya zo aka yi shi, da dokar 1915 wadda a shekara mai bi aka mayar da wa'adinta shekara 3, kuma don rage shaye-shayen ma'aikatan makamai aka yi ta, ba don darajar haja ba.) Sakamakon haka, wiskin hatsi ya sami izinin amsa sunan wiski tare da izinin ci gaba da ɓuya. Da buƙata ta biya, kwalbar Cambus ta ɓace daga kasuwa. An kira shaida, ta ba da shaida, an sallame ta.

Shekara biyar bayan rahoton, a Satumban 1914, makonni kaɗan da ɓarkewar yaƙin duniya na farko, gobara ta cinye mafi yawan matatar. Abin da ya biyo baya shi ne, a ganina, hujja mafi ƙarfi a duk wannan tarihi: shekara 23 aka yi ba a tace ko ɗigo a Cambus ba. Akwai dalilai. Yaƙi ya hana hatsi. Harajin galan ya tashi daga sule 14 da kwabo 9 kafin yaƙi zuwa sule 72 da sisi a 1920. Amurka ta haramta barasa daga 1920 zuwa 1933, ga kuma karayar tattalin arzikin duniya. DCL kanta a lokacin sayen matatu take yi tana rufewa domin ta tsare farashi, har a 1925 ta haɗiye gidajen Walker da Dewar da Buchanan, manyan abokan cinikinta na dā. Duk da haka abin lura shi ne babu kwalba ɗaya da ta daina fita kasuwa domin Cambus ta ƙone. Abin da take bayarwa, Carsebridge da ke mil kaɗan gabas da ita ta bayar, mashayi bai ji bambanci ba. Wurin ya koma ɗakin ajiya da gidan yin tsiro.

A ƙarshen 1937 aka sake gina ta, ba ta gama miƙe ƙafa ba yaƙi na biyu ya sake rufe ta, sai 1944 ta dawo. Shekaru talatin da suka biyo su ne na wadata, kuma su ne waɗanda ba su da labari mai yawa, domin masana'antar da ke aiki lafiya ba ta shiga jarida. Birtaniya tana neman dala, Amurka tana neman wiski. Hasumiyoyin suka yi ta zuba, aka ƙara ɗakunan ajiya a filayen da ke tsakanin ƙauyen da tsaunuka, dusar da ta rage kuma ta zama abincin shanu. Amma a wannan zamani ne aka gina sababbin matatun hatsi, Invergordon a arewa da Girvan a kudu maso yamma, manya kuma na zamani. A sana'ar da haja ɗaya ce, wanda litarsa ta fi araha shi ne sarki.

Wiski yana da wata matsala da sauran kayan masana'anta ba su da ita. Abin da za a sayar bayan shekara biyar ko goma, yau ake tace shi, don haka mai matata kullum duba yake yi. A shekarun 1970 duban ya ɓaci. An cika ganguna bisa zaton kasuwa za ta ci gaba da hawa, sai tattalin arziki ya tsuke, matasa suka koma ga wasu abubuwan sha, aka wayi gari da rarar da ƴan jarida suka kira tafkin wiski. A 1983 DCL ta rufe matatu da dama a tashi ɗaya, ciki har da Carsebridge. A 1986 kamfanin Guinness ya saye DCL bayan kokawa da kamfanin Argyll, cinikin da ya ƙare a kotu, har aka ɗaure shugaban Guinness ɗin, Ernest Saunders, a 1990 saboda maguɗin farashin hannun jari. Sababbin masu gida, da sunan United Distillers, suka duba littattafansu suka ga suna da hasumiyoyi fiye da buƙata. Caledonian ta Edinbara ta tafi a 1988. A 1993 aka tattara aikin a Cameronbridge da Port Dundas, aka kashe wutar Cambus, aka kwance injinan. Port Dundas ma ba ta tsira ba, an rufe ta bayan sanarwar 2009. Cikin shidan da suka haɗu a 1877, Cameronbridge kaɗai ke tace wiski a yau, kuma ita ɗaya tana iya fitar da fiye da lita miliyan 100 a shekara.

A wannan shekara ta 1993 kamfanin ya rufe wasu matatun tukunya ma, kuma makomarsu ce ta sa na fahimci ta Cambus. Balmenach ta dawo aiki kafin ƙarnin ya ƙare. Bladnoch ta dawo a 2000. Rosebank ta garin Falkirk, wadda ba ta da nisa da Cambus, ta shekara talatin a rufe, har ɓarayi suka sace tukwanenta, amma wani kamfani ya sayi sunan da filin, ya sa aka ƙera sababbin tukwane bisa siffar tsofaffin, aka hura wuta a 2023. Brora da Port Ellen, waɗanda aka rufe tare da Carsebridge a 1983, su ma an tashe su, ɗaya a 2021 ɗaya a 2024. Wanda ya rasa Rosebank ba shi da inda zai same ta sai Rosebank, saboda haka kuɗin gininta zai fita. Wanda ya rasa Cambus kuwa, rahoton 1909 da shekaru ɗari na ciniki sun riga sun koya masa cewa Cameronbridge ta wadatar. Masu tukunya sun sha kaye a gaban Lord James, amma aibin da suka kasa wankewa daga barasarsu shi ne ya zama takardar shaidar zamansu. Ba ina cewa na tukunya ya fi na hasumiya daɗi ba, na riga na faɗi cewa ba ni da harshen wannan hukunci. Har gobe mafi yawan wiskin da Sikotilan ke sayar wa duniya gauraye ne, hasumiya ce ke ɗauke da nauyinsa. Hasumiya ta ci riba. Cambus ce ta zama ba dole ba.

Filin bai zama kango ba. A 2011 kamfanin Diageo, magajin DCL da Guinness, ya buɗe babbar ma'aikatar gyaran ganguna a wurin, ya tattaro masu sana'ar daga Carsebridge da Dundashill ta Gilasgo. Tsofaffin ganguna, galibinsu waɗanda aka gama amfani da su a Amurka, ake kwancewa, a kankare cikinsu, a babbake da wuta, a sake ɗaure su da zoben ƙarfe. A 2016 kuma kamfanin ya fitar da ƴan kwalabe na wiskin Cambus mai shekara 40, wanda aka tace a 1975, kowace a kan fam ɗaruruwa. Shekara 110 bayan tallar Daily Mail, sunan ƙauyen ya sake hawa kwalbar kamfanin, a lokacin da babu sauran hanyar ƙara ko lita ɗaya.

Ana saura mako biyu in bar ƙasar na yanke shawarar in taka wurin da ƙafata. Wata Asabar da hantsi na bi hanyar masu keke daga Alloa, na ratsa gefen Tullibody, na gangara bakin Devon. Akwai wata tsohuwar gadar ƙarfe a nan, siririya, wadda aka yi a farkon ƙarni na 19 domin zirga-zirgar matatar. A kusa da ita na tarar da wani dattijo da karensa. Na gaishe shi irin gaisuwar da ake yi wa uba, har da ɗan rusunawa, abin ya ba shi mamaki ya kuma sake masa baki. Ashe a matatar ya yi aiki tun yana saurayi har ranar da aka rufe ta. Ya nuna mini da sanda inda gine-ginen suke dā, da inda hatsi ke shigowa. Na tambaye shi ko yana da kwalbar Cambus a gida. Ya yi dariya ya ce duk tsawon aikinsa bai taɓa ganin sunan a kanti ba. A wayar jikansa ya fara ganinsa, kuma kuɗin da aka sa wa kwalbar ya fi albashinsa na wata a shekarar da aka cika gangar. Na ce, “Baba, to ai wataƙila kai ne ma ka cika ta.” Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sannan ya ce a 1975 yana aikin dare, mai yiwuwa ne, amma gangunan duk kamarsu ɗaya.

Muna tsaye jirgin Alloa ya wuce ta bayan gidaje. Karen ya ja igiya, dattijon ya yi mini sallama ya bi shi. Ni kuma na juya na kama hanyar da na zo, mil biyu da wani abu, ga hadari ya fara haɗuwa a kan Ochil.